Kwana Goma a Motar Kwana

Tun da muka dawo, duk wanda ya shigo yi mana barka da zuwa sai ya yi tambaya ɗaya: wai da gaske a cikin mota kuka riƙa kwana, alhali 'yarku na da gida a can? Wasu har da tausaya mana, suna zaton kuɗin otal ne ya gagara. To ga amsar a rubuce, kowa ya huta. Mu biyu muka zauna muka haɗa ta, don haka duk inda kuka ga an ce Alhaji ya yi kaza ko Hajiya ta ce kaza, ku sani ɗaya ne ke tona ɗaya.

Autarmu tana aikin jinya a Gilasgo, a ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya. Bara Allah ya sauke ta lafiya, Hajiya ta tafi wankan jego, Alhaji ya bi baya ana dab da arba'in, a farkon watan Yuni. Surukinmu ne ya zo da shawarar. Ya ce, "Baba, shekara da shekaru kana kan hanya, Mama ba ta taɓa zama a gefenka ba. Ga mota na ɗauko muku haya, ku je ku ga ƙasa." Alhaji ya ce shi ba yaro ba ne da za a tura shi yawo. Amma da ya ga sitiyari, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Baƙo a ƙasar yana iya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har wata 12, saboda haka babu wata hujja da ta rage masa.

Motar ba ta fi bas ɗin haya da muke shiga zuwa Ojo girma ba, sai dai an cire kujerun baya an mayar da wurin ɗaki. Akwai kujera mai buɗewa ta zama gado, risho na gas mai kai biyu, ɗan firji, famfo da tankin ruwa, da wani lungu na banɗaki wanda mai ƙiba sai ya shiga a karkace. Daga ƙofa zuwa gado taku uku ne. Mu muka sa mata suna motar kwana. Hajiya ta zuba garin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji waɗanda ta taho da su daga gida. Kilishi dai ba a shiga da shi, domin dokarsu ta hana matafiyi shigo da nama daga ƙasashe irin namu, sai muka sayi naman halal a Gilasgo. Buta biyu, darduma biyu, bargo, muka yi bismilla.

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi abin da duk ɗan Sabo ya sani amma ba a cika faɗa ba. Shekara 36 da aurenmu, ba mu taɓa yin yini guda cur mu biyu kaɗai ba. Gidanmu gidan baƙi ne tun zamanin mahaifin Hajiya: fataken goro, masu shanu, almajirai, ɗan uwan da ya zo neman aiki ya shekara uku. Tukunyar Hajiya ba ta taɓa zama ta mutum biyu ba. Alhaji kuwa rabin rayuwarsa a kan hanyar Badun zuwa Kano ya yi ta, da roka, daga baya tirela, ta Ilori da gadar Jebba da Mokwa da Tegina. In ya dawo, daga masallaci sai majalisa. In an saɓa, ita ta shige wurin 'yar uwarta a bayan layi, shi ya fice ƙofar gida, kafin dare zuciya ta huce, magana kuma ta kwanta ba a yi ta ba. Haka muka zauna lafiya, haka kuma maganganu suka taru.

Ranar farko tuƙi ne ya cinye hankalinmu. A can ta hagu ake bi, kamar yadda ake yi a Najeriya kafin a sauya hannu a 1972. Alhaji bayan sauyin ya koyi mota, don haka duk shataletalen da muka tunkara sai Hajiya ta ce, "Hagu, Alhaji, hagu!" Ita ta yi makarantar boko a nan Badun, ita ke karanta allunan hanya, taswira kuma na cinyarta. Mutumin da ya horar da yaran mota sun fi 20, ga shi yau ba ya karya kwana sai matarsa ta ce karya. Ya ce bai taɓa samun kwandasta mai tsiwa irin wannan ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa shiga motar direba mai musu irinsa ba.

Mun bi gefen tafkin Loch Lomond, muka haura wani fili mai faɗi wanda babu gida babu gona, sai ruwa kwance nan da can da ciyawa ja-ja, har muka shiga kwarin Glencoe. Nan ne Alhaji ya kashe mota ba tare da an ce ya kashe ba. Duwatsu uku ne a jere suka tokare sama, ruwa na zubowa daga jikinsu fari fat, hazo na sauka yana ɗagawa. Wurin asalinsa dutse mai aman wuta ne da ya rufta, daga baya ƙanƙara ta yi dubban shekaru tana nuƙurƙusar sa har ta fafe kwarin. Muka tsaya muna ta subhanallahi. A nan Hajiya ta karanta mana labarin da ya taɓa mu a matsayinmu na masu saukar baƙi: a watan Fabrairun 1692 sojojin gwamnati suka sauka a gidajen mutanen kwarin, aka ci da su aka shayar da su kusan mako biyu, sannan da asuba suka tashi suka kashe masu masaukinsu kimanin 30. Har yau mutanen ƙasar ba su manta ba, kuma cin amanar masaukin ne ya fi yi musu ciwo.

Zaman mota yana da aikinsa, kuma babu yaro babu 'yar aiki. Kullum sai an cika tankin ruwa, an duba gas, an naɗe gado kafin a samu wurin shimfiɗa darduma. Mutum ɗaya ke iya salla a lokaci guda, in ana ruwa kenan. Banɗakin kuma akwati ne da ake zarowa ta waje a kai wurin da aka tanada a sansanin masu irin waɗannan motoci, a juye a wanke. Ba a zubarwa a daji, ba a zubarwa a kwata. Ranar farko muka tsaya muna kallon juna. Hajiya ta ce, "Ni na dafa." Alhaji ya naɗe hannun riga ya ɗauka. Ya roƙa kada a sa wannan a rubutun, amma an fi ƙarfinsa.

Sai ƙwarin nan da suke kira mijis. Ba su kai tsakin masara ba, amma dubbai suke zuwa, da yamma ko da sassafe in iska ta kwanta. Ba sa sa zazzaɓi kamar sauronmu, cizo ne kawai da ƙaiƙayi, amma alwala a waje sai ta zama yaƙi. Daga baya muka gane ba sa iya tashi in akwai iska, sai muka riƙa neman tudu ko bakin teku mu tsaya.

Lokacin salla ma ya so ya rikita mu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 10 na dare, kafin 4 da rabi ta sake fitowa, tsakanin nan kuma jan sama ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Alƙibla kuma kudu maso gabas take. Da muka wuce Fort William, inda dutsen Ben Nevis yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya da mita 1,345, muka bi gefen tafkin Loch Ness har birnin Inverness, muka yi Juma'a a masallacin garin, muka karɓi jadawalinsu muka riƙe. Shi Loch Ness ɗin tsawonsa ya kai kilomita 36, zurfinsa mita 230, ruwansa baƙi wuluk saboda irin ƙasar da yake ratsowa. An ce akwai dodo a ciki, har jiragen ruwa ke kai mutane nema. Hajiya ta ce ashe Bature ma yana da 'yan ruwansa, shi dai ya iya mayar da su kuɗi ne.

Daga Inverness ake kama hanyar da ta zagaye arewacin ƙasar ta dawo, mil 516, wato wajen kilomita 830. Alhaji ya ce bai kai Badun zuwa Kano ba, yini biyu ya ishe shi. Sai da muka shiga ya gane. A wurare da yawa hanyar faɗin mota ɗaya ce, an yi 'yan wuraren rakuɓewa jefi-jefi. Wanda ya fi kusa da wurin shi ke tsayawa, ɗayan ya wuce ya ɗaga masa hannu. Babu oda, babu zagi. In na bayanka ya fi ka sauri, ka rakuɓe ka ba shi hanya. Ga tumaki kwance a tsakiyar kwalta, ga shanunsu masu gashi har ido da dogayen ƙaho, waɗanda Alhaji ya ce in aka kawo ɗaya kara a nan babu dillalin da zai san ta inda zai fara yi mata kuɗi.

A rana ta biyar muka iso gindin wani hawa da ake kira Bealach na Bà. A harshensu na asali ma'anarsa mashigar shanu, domin tsohon burtali ne, ta nan makiyayansu ke koro shanu zuwa kasuwa. Hanyar na tashi daga bakin teku zuwa mita 626, da kwanoni masu kama da gwiwar hannu. A gindin akwai babban allo yana gargaɗi cewa hawan bai dace da sabon direba ko manyan motoci ko masu jan ɗaki a baya ba. Hajiya ta karanta da ƙarfi. Hazo kuma ya rufe saman dutsen.

Ta ce, "Alhaji, mu bi ta ɗaya hanyar."

Ya ce, "Ke Hajiya, ni za a koya wa hawa? Shekara 35 ina tuƙi, ban taɓa shawara da kowa a kan hanya ba."

Ta ce, "Ai na sani. Gidan ma da za ka sayar, da wa ka yi shawara?"

Motar ta yi tsit, sai ƙarar abin share gilashi.

Ga yadda abin yake. Bayan rikicin kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, Alhaji ya shiga tunani. Shi yana ɗan shekara 15 ya zo Badun daga ƙasar Kano, kuma abin da ya gani a kwanakin nan ya sa ya ji cewa komai daɗewar baƙo, baƙo ne. Ya sayi fili a garinsu, ya yi wa wani dillali maganar gidanmu na nan, wanda muka saya da guminmu muka ƙara masa ɗakuna. Bai faɗa wa Hajiya ba, yana jiran wai sai ciniki ya nuna. Ita kuwa tun a makon ta ji, a wurin biki, daga bakin matar dillalin. Ta haɗiye. Shekara uku tana zuba masa abinci da wannan magana a ƙirjinta, shi kuma yana ci yana zaton ba ta sani ba.

Alhaji bai ce komai ba. Ya sa ribas, ya juya, muka bi ta Shieldaig. Da a gida ne, da an san yadda za a yi. Amma a motar kwana babu bayan layi, babu majalisa. In ta miƙa hannu ɗaukar cokali sai ta taɓa kafaɗarsa. In zai wuce ɗaukar buta sai ta janye ƙafa. Yini biyu muna haka, magana ba ta wuce "dama" da "hagu" da "ga abinci". Kuma a yini biyun nan ne muka ratsa wuraren da suka fi ko'ina kyau: duwatsun da ke bayan Ullapool, kowanne tsaye shi kaɗai kamar an dasa shi, farin yashi da ruwa shuɗi a Durness, kogon Smoo inda rafi ke faɗowa ta rufin dutse zuwa cikin duhu. Muka tsaya a Dunnet Head, ƙarshen ƙasar Birtaniya ta arewa in ba a lissafa tsibirai ba, tsuntsayen teku na ta shawagi a ƙasanmu. Kowa na son ya ce wa ɗaya "duba can", girman kai ya hana.

Abin da muka lura da shi tun farkon tafiyar shi ne ƙasar ba mutane. Kwari bayan kwari, ga ruwa ga ciyawa, amma sai tumaki da kufai. Da muka juyo ta gabas muka ga allon wani wuri da ake kira Badbea, tsakanin Berriedale da Helmsdale, muka ajiye mota muka taka. Tafiyar ba ta da nisa. Kufan ƙauye ne a kan gangaren da ke ƙarewa a bakin wani rami mai zurfi, teku na bugawa a ƙasa. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu ƙasa a wannan yanki sun ga tumaki sun fi talakawa kawo kuɗi, sai suka riƙa tashin mutane daga kwaruruka masu albarka. Wasu suka hau jirgi zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan, wasu aka turo su irin wannan wuri. Har yanzu ga katangar dutse da ta raba su da filin tumakin. Ana ba da labarin cewa saboda ƙarfin iska, iyaye kan ɗaure yara da dabbobi a jikin turke kada su faɗa. A tsakiyar kufan akwai wata hasumiya ta dutse da aka gina a 1911, ɗan wani mutumin ƙauyen da ya yi ƙaura zuwa Niyu Zilan ne ya sa aka yi ta, an rubuta sunayen waɗanda suka zauna a wurin. Hajiya ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ne ya fara magana. Ya ce, "Kin gani ko? Wanda ke zaune a ƙasar wani, ran da aka ga dama sai a ce ya tashi. Abin da nake guje mana kenan."

Hajiya ta ce, "Alhaji, waɗannan ba baƙi ba ne. A ƙasar kakanninsu aka tashe su, kuma da yawa shugabannin danginsu ne suka tashe su. Mutum nawa ka sani daga Zamfara da Birnin Gwari da suka baro gonakin iyayensu suka zo nan Sabo muka ba su tabarma? Su wa ya ce musu baƙi?" Ta nuna hasumiyar. "Wannan kuma, ubansa wahala ya sha a nan, amma da ya tashi tunawa da shi, nan ya zo. Ni a Sabo aka yanke min cibiya. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, kakana yana cikin waɗanda suka zo ba da daɗewa ba. Iyayena a Badun suke kwance. In ka kai ni garinku, ni ce baƙuwar, har Hausata za su ce ta Yarabawa ce."

Ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba: a kwanakin Sasa dare uku bai runtsa ba, yana zaune a zaure yana lissafin ta inda zai fitar da ita da jikoki in abin ya iso. Ya ce ba ƙin shawara ba ne, kunya ce ta hana shi ya ce mata tsoro yake ji. Ta ce da ya faɗa, da ta gaya masa ita ma ba ta yi barci ba, tana jin motsinsa. Muka zauna a kan katangar nan iska na kaɗa mu har sanyi ya kore mu. Da muka koma mota Alhaji ne ya ɗora shayi, ya cika sukari, aka sha haka nan.

Ba za mu ce muku wani ya kayar da wani ba. Tsoron Alhaji yana da tushe, duk wanda ya zauna a kudu ya san haka. Abin da muka tsayar a hanyar komawa Gilasgo shi ne: gidan Sabo ba na sayarwa ba ne. Filin can za a yi masa ɗaki biyu a hankali, mu riƙa zuwa muna kwana biyu, jikoki su san dangin kakansu. Takardun gidan nan, waɗanda suka shekara 20 a ƙasan akwati ba a kammala su ba, za a bi su a gyara, kuma tun da muka dawo an fara. Inda za a binne mu kuwa, mun bar wa Mai shi. Dillalin dai an ba shi haƙuri, matarsa kuma Hajiya ta aika mata da turare.

Wasu za su ce wannan magana ai a tsakar gida ma sai a yi ta, me ya kai ku ƙarshen duniya? Gaskiya ne. Amma shekara uku muna tsakar gidan ba mu yi ba. Kuma ba sai an nemi biza ba: ga ruwan Erin-Ijesha a Osun, ga Ikogosi a Ekiti inda ruwan zafi da na sanyi ke haɗuwa, ga tafkin da ke saman dutsen Ado-Awaye a nan jihar Oyo. Dukansu a kusa da mu suke, mu ma ba mu taɓa zuwa ko ɗaya ba, Alhaji ya sha wuce mararrabar wasu da kaya a baya. Mun sa ranar Ado-Awaye bayan babbar salla in Allah ya kai mu, mu biyu, ba jika ba ɗan rakiya. Wanda ya ga motarmu ta fita da sassafe kada ya tsayar da mu neman a rage masa hanya, a yi mana afuwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya.